Daga Gidan Riƙo Zuwa Gidan Dindindin: Yadda Ake Sauya wa Maraya Gida

GABATARWA

An shirya wannan darasi domin ma'aikatan jin daɗin jama'a, da su Bulama da su Lawan, da limamai da shugabannin addinin Kirista, da kuma duk magidancin da ke riƙe da yaron da ba shi ya haifa ba, ko yake da niyyar karɓar wani. Abin da za a bayyana shi ne hanyar da ake bi wajen fitar da yaro daga gidan da aka ajiye shi na ɗan lokaci zuwa gidan da zai zauna har ya mallaki hankalin kansa. An ɗauki unguwar Gamboru ta cikin birnin Maiduguri misali, watau mai babbar kasuwar nan da ke kusa da Kwastan. Kada a ruɗe ta da garin Gamboru na ƙasar Ngala, wanda ke bakin iyakar Kamaru.

1. YADDA AL'AMARIN YA TASO

Riƙo tsohon abu ne a ƙasar Barno da ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni, idan aka yaye yaro kakarsa takan ɗauke shi. Goggon da Allah bai ba haihuwa ba akan ba ta 'yar ɗan'uwanta. Idan magidanci ya rasu, 'yan'uwansa sukan raba 'ya'yansa a tsakaninsu. Irin wannan riƙo bai bukaci takarda ba, domin kowa ya san uban yaron, ya san gidansu, kuma idan mariƙi ya ci amana akwai dangin da za su tsawata masa.

Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri cikin watan Yuli na 2009 ya girgiza wannan tsari. A 2014, sa'ad da garuruwa irin su Bama da Gwoza da Dikwa da Ngala suka tashi, jama'a sun kwararo cikin Maiduguri. Mafi yawansu ba su shiga sansani ba, sai suka raɓa da 'yan'uwa da abokan arziki a unguwannin birni. Yara da yawa kuwa sun iso ne a hannun mutanen da suka tsince su a hanya. A 2017 Gwamnan Jihar Barno na lokacin, Alhaji Kashim Shettima, ya ce lissafin hukuma ya nuna marayu fiye da 52,000. A 2019 kuma Kwamitin Red Cross na Duniya ya bayyana cewa an kai masa cigiyar mutane kusan 22,000 a Nijeriya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 nasu yara ne a lokacin da suka ɓata.

Har wa yau, wasu abubuwa biyu sun sake motsa gidajen da ke riƙe da waɗannan yara. Daga 2021 Gwamnatin Jiha ta shiga rufe sansanonin 'yan gudun hijira da take kula da su a Maiduguri, har da na Bakasi, iyalai suka watsu. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta fashe, kogin Ngadda ya yi ambaliya, ruwa ya shiga Gamboru da Gwange da sauran unguwanni, ya rusa ɗakuna, ya ci kaya da takardu. Magidancin da ya rasa muhalli, da ƙyar yake ɗaukar nauyin 'ya'yan cikinsa, balle ɗan riƙo. A irin wannan hali ne yaro yakan riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, har a wayi gari babu wanda ya san sunan ubansa.

2. RIƘO IRI BIYU

Ya kamata a rarrabe tsakanin riƙon wucin gadi da riƙon dindindin.

Riƙon wucin gadi shi ne a ajiye yaro a gidan wani amintacce, ko a gidan marayu, kafin a gano danginsa ko a yanke shawarar makomarsa. Mariƙin yana ciyar da shi, yana tufatar da shi, yana kai shi makaranta da asibiti, amma ya sani cewa wata rana za a iya zuwa a karɓe shi.

Riƙon dindindin kuwa shi ne wani gida ya ɗauki nauyin yaro gaba ɗaya, bisa umurnin alƙali, har ya girma. A nan ne yaro yake samun abin da gidan marayu ba ya iya ba shi, watau wanda zai kira Baba da wadda zai kira Inna, da wanda zai tsaya masa ran aurensa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai rata, kuma aikin jami'in jin daɗin jama'a shi ne ya ƙetarar da yaro daga wannan zuwa wancan ba tare da ya rasa sunansa, ko danginsa, ko natsuwar zuciyarsa ba.

3. ABIN DA SHARI'A TA TANADA

Shari'ar Musulunci ta kwaɗaitar da riƙon maraya ƙwarai, ana kiransa kafala. Abin da ta hana shi ne tabanni, watau mutum ya jingina wa kansa ɗan da bai haifa ba, ya shafe sunan uban yaron. Hukuncin yana cikin Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, kuma labarin Zaidu ɗan Harisa sananne ne wajen malamai. Daga wannan hukunci abubuwa huɗu suke fitowa. Na ɗaya, ana kiran yaro da sunan ubansa. Na biyu, ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa, amma mariƙi yana iya yi masa kyauta yana da rai, ko ya yi masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba. Na uku, dukiyar da maraya ya gada amana ce, ana ajiye masa har ya yi hankali. Na huɗu, riƙo ba ya sa muharramaka, sai fa idan matar gidan ta shayar da yaron cikin shekarun shayarwa. A mazhabar Malikiyya, bayan uwa, kaka ta wajen uwa ita ce kan gaba wajen haƙƙin reno. Ɗaukar tsintaccen yaro kuwa farilla ce a kan al'umma, idan wasu suka yi sun ɗauke wa saura.

A wajen dokar ƙasa, Jihar Gabas ce ta fara yin dokar ɗaukar ɗa a 1965, Legas ta biyo baya a 1968, jihohin Arewa kuwa suka daɗe ba su da irinta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara a 1989, Nijeriya ta amince da ita a 1991. Sashe na 20 na yarjejeniyar ya ambaci kafala da sunanta cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali, ya kuma ce a lura da addinin yaro da harshensa da al'adunsa. A 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta tanadi Kotun Iyali, ta kuma shimfiɗa ƙa'idodin riƙo da na ɗaukar ɗa. Ga kaɗan daga sharuɗɗanta a kan mai neman ɗaukar ɗa:

(a) Idan ma'aurata ne, kowannensu ya kai shekara 25.
(b) Idan marar aure ne, ya kai shekara 35, kuma namiji ya ɗauki namiji, mace ta ɗauki mace.
(c) Ya girmi yaron da aƙalla shekara 21.
(d) Ya sanar da jami'in jin daɗin jama'a niyyarsa wata 12 kafin umurnin kotu.
(e) Yaron ya zauna a hannunsa wata 3 a jere kafin umurnin.
(f) Kada a bayar ko a karɓi kuɗi a madadin yaro.

Wannan doka tana aiki kai tsaye a Abuja, kowace jiha kuwa sai ta yi tata. Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta Jihar Barno cikin Janairu na 2022. Saboda haka mutumin Gamboru, Musulmi ne ko Kirista, ƙofar da zai fara bugawa ita ce Ma'aikatar Harkokin Mata da Ci Gaban Jama'a ta Jihar Barno, can za a nuna masa hanyar da ta dace da addininsa da na yaron.

4. MATAKAI BAKWAI NA AIKIN JAMI'I

Domin a fahimta sosai, a ƙaddara ga wata yarinya 'yar shekara bakwai a Gamboru. Uwarta ta rasu a sansani tana 'yar shekara uku, ubanta kuwa ba a san inda yake ba. Wata dattijuwa mai sayar da kayan miya a kasuwa ta ɗauke ta. Yanzu ƙarfin dattijuwar ya ƙare, ambaliya ta rusa ɗakinta, ta je wurin Bulama ta ce a nema wa yarinyar madogara tun tana da rai. Bulama ya kai magana ofis. To, ga abin da jami'i zai yi.

Mataki na farko: rubuta asali. Jami'i zai buɗe wa yarinyar fayil, ya rubuta duk abin da aka sani game da ita: sunan yanka da laƙabi, sunan uba da na uwa, garinsu da unguwarsu, harshen da take ji sa'ad da aka ɗauke ta, wata alama ko tabo a jiki, ranar da aka ɗauke ta da wurin, da sunayen waɗanda suka shaida. Zai ɗauki hotonta. Idan akwai wani abin da uwarta ta bari, ko zane ne ko laya ko katin asibiti, zai rubuta shi, ya sa a adana. Idan ba ta da takardar haihuwa, zai kai ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi mata da sunan ubanta. Wannan fayil sirri ne, ba a karanta shi a zaure.

Mataki na biyu: neman dangi. Ba a neman sabon gida sai an gaji da neman tsoho. Jami'i zai tuntuɓi Bulaman garin su yarinyar, da mutanen garin mazauna Maiduguri, da ma'aikatan Red Cross masu aikin sada iyalai. Wannan yakan ɗauki watanni. Idan wani ya fito ya ce shi baffanta ne ko kawunta, ba a miƙa masa ita nan take. Sai an tambaye shi abubuwan da ke cikin fayil ɗin, an ji ta bakin shaidu, an kuma duba ko zai iya riƙon. Idan an tabbata dangi ne kuma gidansa ya dace, shi ne a gaba. Idan uban yana da rai aka same shi, to maganar riƙon dindindin ba ta tasowa sai da yardarsa.

Mataki na uku: binciken gidan da ke nema. Idan dangi ba su samu ba, wanda ya fi cancanta shi ne mariƙin da yaro ya saba da shi, in yana so kuma yana iyawa. A misalin nan dattijuwa ta gaza, saboda haka sai a dubi masu nema. Gani ya kori ji, don haka jami'i zai je gidan da ƙafarsa, fiye da sau ɗaya, wani zuwan ma ba tare da sanarwa ba. Zai ga inda yarinyar za ta kwana. Zai gana da maigida shi kaɗai, ya gana da uwargida ita kaɗai, in akwai abokiyar zama ita ma a ji ta bakinta, domin sau da yawa namiji ne ke ɗauko yaro, mace ce ke riƙonsa. Zai bincika sana'ar maigida, da lafiyar mutanen gidan, da ko 'ya'yansu suna zuwa makaranta. Zai tambayi maƙwabta da liman da Bulama. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce dalilin neman. Wanda ke neman mai talla, ko mai wanke-wanke, ko mai rainon jariri, ya nemi ma'aikaci babba ya biya shi lada. Talauci shi kaɗai ba ya hana a ba mutum riƙo, arziki kuma shi kaɗai ba ya sa a ba shi. Maiduguri gari ne na Barebari da Shuwa da Hausawa da Margi da Babur da mutanen Gwoza, saboda haka a yi ƙoƙari gidan ya zama na addinin yaro, kuma inda ake jin harshensa. 'Yan'uwa ciki ɗaya kuwa ba a raba su sai bisa larura, in an raba su a tabbatar suna ganin juna.

Mataki na huɗu: jin ta bakin yaro. Yarinya 'yar shekara bakwai ta san wanda take so da wanda take tsoro. Jami'i zai zauna da ita a inda ta saki jiki, ya gaya mata gaskiya daidai hankalinta. Yana iya cewa, "'Yata, Iya ta tsufa, ƙafafunta na ciwo. Ba laifi kika yi ba. Akwai wasu mutane da ke son su san ki, kuma Iya za ta raka ki." Kada a yaudare ta a ce unguwa za a je a dawo. Yaron da aka yaudara ran da aka kai shi sabon gida yakan daɗe bai sake yarda da maganar babba ba. Dokar 2003 ma ta umurci kotu ta yi la'akari da ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa da fahimtarsa.

Mataki na biyar: sabo. Sannu ba ta hana zuwa. Da farko sabuwar uwar ita ce za ta zo wurin dattijuwa, ta zauna, a gaisa, yarinyar ta ga yadda Iya ta karɓe ta. Sa'an nan yarinyar ta je wuni tare da Iya. Bayan haka ta je wuni ita kaɗai, kana ta kwana ɗaya, kana kwana biyu ko uku. Ƙaramin yaro yana bukatar ziyara a kai a kai cikin kwanaki kaɗan, babba kuwa yakan bukaci makonni. Dattijuwa za ta gaya wa sabuwar uwar abin da babu shi a fayil: abincin da yarinyar ba ta ci, abin da ke firgita ta da dare, da yadda ake rarrashinta. Ran tashi, a bar ta ta tafi da kayanta, ko da tsummoki ne, da allonta da kwanonta. A yi sallama a sarari, dattijuwa ta sa mata albarka. Ita ma dattijuwar rabuwa take yi da 'yar da ta rena shekara huɗu, don haka jami'i ya koma ya duba ta.

Mataki na shida: gaban alƙali. Jami'i zai rubuta rahoto, ya bayyana neman dangin da aka yi, da halin gidan, da abin da yarinyar ta ce, da yadda zaman gwaji ya kasance. Alƙali ne mai yanke hukunci, kuma abin da zai sa a gaba shi ne maslahar yarinyar. Takardar kotu ita ce garkuwar kowa. Tana kare mariƙi daga zargin satar yaro, tana kare yarinya daga wanda zai zo daga baya ya yi da'awar ƙarya, tana kuma barin sawu ga dangin gaskiya in Allah ya bayyana su. A ajiye kwafi a gida, kwafi a ofis, gama ambaliyar 2024 ta nuna cewa takarda guda ba abin dogaro ba ce.

Mataki na bakwai: bin sawu. Aiki bai ƙare a ƙofar kotu ba. Jami'i zai riƙa ziyara, da farko a kusa-kusa, daga baya jefi-jefi. Zai ga yarinyar ita kaɗai, ya dubi jikinta da tufafinta, ya tambayi malaminta. Zai kuma faɗakar da sababbin iyaye cewa makonnin farko yaro yakan yi lamo kamar baƙo, daga baya hali ya fito: fitsarin kwance, ɓoye abinci, firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, ko gudu zuwa tsohon gida. Waɗannan alamun tsoro ne na yaron da ya sha rabuwa, bulala kuwa ƙara su take yi. Maganinsu haƙuri, da abinci da barci a kan lokaci, da cika alkawari komai ƙanƙantarsa. Idan abin ya yi tsanani, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri. Zumunta a ƙafa take, saboda haka a riƙa kai yarinyar gaida Iya ran Juma'a ko ran salla.

5. HATSARIN BIN BAYAN FAGE

Wasu sukan ce wannan hanya ta yi tsawo, gara a shirya tsakanin mutum da mutum. To, a tuna da abin da ya faru a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka gano yara 9 'yan Kano da aka sace aka sayar a Anaca ta Jihar Anambra, an sauya musu suna. Inda duk yaro ke sauya hannu babu rubutu babu shaida, ɓarawon yara ya sami kasuwa. Duk wanda ya zo da maganar kuɗi, ko ya ce zai kai yaro wani gari karatu ko aikatau ba tare da sanin hukuma ba, a kai rahotonsa ga Bulama, ko 'yan sanda, ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003.

6. ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su Bulama su san gidajen da ke riƙe da yara a unguwanninsu. Limamai da shugabannin coci su bayyana wa mabiyansu ladar riƙon maraya da iyakokinsa. Malaman makaranta su lura da yaron da ya daina zuwa. Maƙwabta su kame bakinsu daga gori, su kuma hana 'ya'yansu kiran wani tsintacce. Wanda ya daɗe yana riƙe da yaro ba tare da takarda ba kada ya ji tsoro, ya je ofis a rubuta, domin ƙarfafa riƙonsa ake so a yi.

Ɗa na kowa ne. Allah ya raya mana zuriya, ya ba masu riƙo ikon riƙe amana, amin.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin riƙon wucin gadi da riƙon dindindin?
2. Me ya raba kafala da tabanni? Ta wace hanya mariƙi zai bar wa ɗan riƙonsa dukiya?
3. Don me ake fara neman dangi kafin a nemi sabon gida?
4. Kawo abubuwa biyar da jami'i zai duba a gidan mai neman riƙo.
5. Idan yaro ya soma fitsarin kwance bayan an kai shi sabon gida, me ya kamata sababbin iyayensa su yi?